Tayar laka mai manyan haƙora: in sa wa motata ko in haƙura?

Habu Mai Hilux: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen manya. Tayoyin da suka zo da Hilux ɗina, masu lambar girma 265/65R17, sun kusa suɗewa, kuma dama can ba sa taɓuka komai in an yi ruwa. Yawancin tafiyata a kan kwalta ce, amma ina yawan sauka titi in shiga hanyar gona, wadda da damina take komawa laka mai danƙo, ga wasu wurare da duwatsu masu kaifi. Raina ya kwanta da tayar nan mai manyan haƙora da ake rubuta wa MT, kuma ina so in ƙara girma zuwa 285/70R17. Wanda ya taɓa hawanta ya faɗa min gaskiya, daɗinta da ɗacinta.

Alhaji Mai Kuruza: Wa alaikumus salam. Yaro, sa MT ka huta. Laka mai danƙo ba ta san wata taya ba sai ita. Sirrin yana cikin giɓin da ke tsakanin haƙoran. In taya tana juyawa, faɗin giɓin nan ne ke ba ta damar watsar da lakar da ta ɗauka, sai haƙori ya dawo ƙasa a wanke ya sake cizo. Tayar AT kuwa, wadda aka yi don titi da daji duka, giɓinta ƙanana ne, juyi biyu uku laka ta cike su, ta koma sumul kamar tulu. Daga nan ko giyar ƙafa huɗu ka sa, ƙafafu huɗun ne za su yi ta wulwulawa wuri ɗaya. Ga kuma haƙoran da ke gangarowa gefen taya, waɗanda ke kama bangon rami in ka faɗa sawun da manyan motoci suka haƙa. Ni dai tun da na koma MT ban sake neman a turo ni ba.

Injiniya Bala: Alhaji, duk abin da ka faɗa game da laka gaskiya ne, ba mai musu. Amma Malam Habu ya ce yawancin tafiyarsa kwalta ce, kuma nan ne maganar take. Giɓin da ke ceton ka a laka shi ne ke rage robar da ke taɓa titi. Sannan ka duba haƙoran tayar titi ko na AT, za ka ga 'yan siraran tsage-tsage a jikinsu. Aikinsu su buɗe su share ruwan da ke kan kwalta domin roba ta kama. Yawancin MT tsagen nan kaɗan gare su, wasu ma babu. Saboda haka ranar da aka yi yayyafi kana kan gudu, wani ya tsallako gabanka ka taka birki, motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya fiye da yadda ka saba. Akori-kura kuma bayanta ba nauyi in ba kaya, a kwana mai jiƙe bayan ne ke fara zamewa. Kafewa a laka ɓata lokaci ne da wahala. Birkin da bai kama ba a kan titi wani abu ne daban.

Malam Habu, tambayata ɗaya: cikin kilomita ɗari da kake yi, nawa ne laka ta gaske, wadda mota ke nutsewa?

Habu Mai Hilux: Injiniya, in na faɗi gaskiya bai fi biyar ba, shi ma da damina. Sauran hanyar gonar burji ce da gargada. Amma biyar ɗin nan su ne ke hana ni barci.

Alhaji Mai Kuruza: To ka ji. Ai don biyar ɗin ake sayen mota mai jan ƙafa huɗu. Da kwalta kawai ake so, da ƙaramar mota ta wadatar.

Hajiya Mai Gona: Ranka ya daɗe Alhaji, ba ka gaya wa yaron nan maganar ƙara ba. Ni na hau MT, kuma da sabuntarta abin da sauƙi, gurnani ne kaɗan. Tana fara cinyewa sai kukan ya ƙaru, har ta kai in ana gudu sai an ɗaga murya kafin na kujerar baya ya ji magana. Tafiya mai nisa ka sauka kanka na sarawa. Shan mai ma ya ƙaru, ban auna da lissafi ba amma na ga yawan tsayawata gidan mai. Da suka ƙare na koma AT mai ƙarfin gefe, na sayi famfon iska mai aiki da batirin mota da gejin auna iska, kuma hanyar da nake bi ba ta gagare ni ba.

Alhaji Mai Kuruza: Hajiya, gurnanin ai shi ne kwarjinin motar.

Hajiya Mai Gona: Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, Alhaji.

Baba Makanike: Ku bar maganar haƙori tukuna, ku zo kan girman da ya ambata, don can ne nake ganin aiki yana dawowa garejina. Habu, ɗana, Hilux ba a ɗaga ta ba ka sa mata 285/70R17, da wuya ba ta goga ba. A tsaye za ka ga kamar ta zauna daidai. Sai ka karya sitiyari har ƙarshe, ko ka shiga rami ƙafa ɗaya ta nutse sama, sannan ka ji ƙurrr a madgad. Daga nan a fara yanke roba, a daddaki ƙarfe, a ce sai an ɗaga mota, a ce sai an sauya rim. Abin da ka shiga don taya huɗu ya zama gyaran rabin mota.

Ga nauyi. Tayar laka mai wannan girma tana iya fin wadda ke jikin motarka da kilo goma ko sama, kowace ɗaya. Nauyin nan ba a kan bodi yake ba, a kan ƙafa yake, shi shokozoba ke kokawa da shi a kowane rami. Boris, bol-join, tayarod, shaf ɗin gaba, duk suna biyan kuɗin. Birki ma haka, don tsayar da taya babba mai nauyi ya fi wuya. Motar kuma za ta yi nauyin tashi, musamman a hawa da kaya, saboda babbar taya tamkar ka ƙara wa kowace giya tsawo ne. Masu sa taya mai tsayin inci 35 har haƙoran cikin aksul suke sauyawa don su dawo da ƙarfin.

Injiniya Bala: Baba ya gama magana, bari in sa lissafi a kai don Malam Habu ya ga abin da zai samu. A 265/65R17, lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefe ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe rim ce a inci. In ka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya kusan milimita 776 ne. Ita 285/70R17 kusan 831. Bambanci 55 ke nan, amma rabinsa kawai ke ɗaga aksul daga ƙasa, wato milimita 27, bai kai inci ɗaya da kwata ba. Wannan ne ribar duk wahalar da Baba ya lissafa. Kuma agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya da kusan kashi 7 cikin ɗari: yana nuna 100 kana kan 107. Lissafin kilomita ma zai ragu, ka riƙa wuce lokacin juyen mai ba ka sani ba.

Akwai ta tsakiya, 265/70R17. Tsayinta kusan 803, ɗagawa milimita 13, kuskuren agogo bai kai kashi 4 ba, kuma galibi tana shiga ba tare da yanke komai ba. Gefenta ya fi tsayi, wanda ke da amfani in za a rage iska.

Habu Mai Hilux: Ikon Allah. Na ɗauka ɗagawar za ta fi haka. To faɗin fa? Ba mai faɗi ce ta fi kama ƙasa ba?

Direban Rairayi: Ba kullum ba, ɗan'uwa. Dubi Land Cruiser 70, wadda aka fara yi tun 1984 kuma har yau ita ake turawa inda hanya ta ƙare. Shekara da shekaru da siririyar taya 7.50R16 take fitowa. Siririya mai tsayi tana ratsa lakar sama ta taɓa ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashi, kuma ba ta ture laka mai yawa a gabanta. Mai faɗi tana amfani ne in lakar ba ta da gindi, inda sai dai a yi iyo a kai.

Amma abin da ya kawo ni shi ne yashi, don kada wani mai karatu ya ɗauka MT maganin kowace hanya ce. A rairayi haƙori babba maƙiyinka ne. Ka ɗan ba ta wuta ta fara haƙa, kafin ka ankara cikin mota ya zauna a ƙasa. A yashi iska ce komai. In na iso bakin rairayi sai in tsaya, in durƙusa gaban kowace taya da geji, in sauke ta daga talatin da wani abu zuwa wajen psi 18 (psi ma'aunin iskar taya ne), in ya yi laushi sosai 15. Kana kallo za ka ga cikin tayar ya ɗan fito, amma ainihin abin da ke faruwa a ƙasa yake: sawunta yana ƙara tsawo gaba da baya, nauyin mota ya bazu. Motar da ke nishi ɗazu sai ta riƙa tafiya a kan yashin salin-alin. A laka da duwatsu ma ragin iska na taimakawa, sai dai ba a kai shi can ƙasa ba, wajen 22 zuwa 25 ya isa ga mota irin taka. Tayar tana lanƙwasa ta rungumi dutse maimakon ta tsaya ƙiƙam ya huda ta.

Sharaɗi biyu. Kada ka karya kwana da ƙarfi da iska kaɗan, taya na iya sulluɓewa daga bakin rim. Kuma kana hawa kwalta ka mayar da iskarka. Gudu da taya mai ƙarancin iska zafi yake tarawa a cikinta, zafin ne ke raba roba da waya har ta fashe.

Alhaji Mai Kuruza: Duk na ji. Amma ku rage iskar AT har ta kwanta, in laka ta toshe haƙora ba inda za ta. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Injiniya Bala: Haka ne Alhaji, a laka mai danƙo zalla MT ce sarauniya, na sallama. Inda muka rabu shi ne ko ya dace a biya farashinta a kilomita casa'in da biyar don a ci ribar biyar. Kuma yanzu zaɓin ba biyu ba ne kawai. Tun 1976 da kamfanin BFGoodrich ya fito da tayarsa ta All-Terrain, nau'in AT ya yi nisa ƙwarai. Tayarsa KO2 da ta fito a 2014 haƙoranta sun gangaro gefe, robar gefen ta yi kauri. Akwai Falken Wildpeak, akwai Goodyear Wrangler DuraTrac wadda giɓinta ya fi na yawancin AT faɗi. Sannan ga waɗanda aka yi musamman a tsakani, wasu na rubuta musu RT, irin su Nitto Ridge Grappler: tsakiyar taya a matse don titi, kafaɗunta a buɗe don laka. Wanda kuma ya dage sai MT ta gaske, ga KM3 ta BFGoodrich ta 2018, ga Toyo Open Country M/T, ga Cooper Discoverer STT Pro, ga Maxxis Razr MT. Su ma na zamanin nan sun fi na da ladabi a kan titi, amma ba su zama tayar titi ba.

Ni a ganina duwatsun da Malam Habu ya ambata sun fi lakar muhimmanci. Laka ta 'yan watanni ce, dutse yana nan duk shekara.

Ɗan Faci: Yauwa Injiniya, ka zo inda nake. Ni da nake cire tayoyin nan kullum, abin da ke kashe taya a daji ba ƙarewar haƙori ba ne, yankan gefe ne. Ƙusa a saman taya minti kaɗan na toshe. Amma dutse ko kututture ya tsaga gefe, ko ka ga ƙullutu ya kumburo a wurin, wannan taya ta gama aiki. Duk wanda ya ce zai yi maka facin gefe ka hau titi da gudu, ranka yake wasa da shi.

Don haka Oga Habu, ka duba haruffan LT kafin lambar girma, kamar LT265/70R17. Wannan ginin motar kaya ne, ya fi tayar da ta zo da motarka ƙarfin jiki. Sai ka ga wani harafi, C ko D ko E. Masu sayarwa za su ce maka C mai shimfiɗa shida ce, D mai takwas, E mai goma. Ba wai shimfiɗa goma ce a ciki ba, ma'aunin ƙarfi ne da aka gada tun zamanin da ake yin taya da zaren auduga. Kowa yana rububin E don ya ji an ce goma. Amma E a kan Hilux da ba ta ɗaukar kaya mai nauyi kullum, duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta a ƙugunka, musamman a gargada. C ko D sun ishe ka. In dai kana lodin buhuna har bodi ya zauna, ko kana jan tirela, to nan E ta yi.

Injiniya Bala: Ƙari a kan wannan: bayan lambar girma akwai wata kamar 112S. 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa. Kada ka sayi wadda lambar nauyinta ta gaza ta asali. Yawancin MT harafinsu Q ne, wato 160. Sannan tayar LT tana buƙatar iska fiye da tayar asali kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka lambar da ke manne a jikin ƙofar direba ba lallai ta dace da ita ba. Lambar da ke gefen taya kuma iyaka ce, ba ita ake hurawa ba.

Ɗan Faci: Akwai dabarar alli. Ka ja layi da alli a faɗin haƙoran daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ka tuƙa a miƙe kan titi mai kyau 'yar tazara, ka sauko ka duba. In tsakiya ce kawai ta goge, iska ta yi yawa. In gefe da gefe ne suka goge tsakiya na nan, ta yi kaɗan. Da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗau zafi.

Sabon Shiga: Gafara dai manya, ni ma ina bibiya. Ba za a iya sa MT biyu a baya, a bar AT a gaba ba? An rage kashe kuɗi, an samu duka biyun.

Baba Makanike: A'a, ɗana, kada ka fara. Ko lambar girmansu ɗaya ce a rubuce, tsayinsu na gaske ba ɗaya ba ne, don zurfin haƙori ya bambanta. Mota irin Hilux in ka sa giyar ƙafa huɗu, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya tare. Ƙafa ɗaya ta fi wata tsayi, sai ƙarfen ciki ya riƙa murɗuwa, giyar ta ƙi fita, wata rana wani abu ya karye. Dalilin da ya sa ma ba a sa ƙafa huɗu a busasshiyar kwalta ke nan. Irin su Prado da ke jan huɗu kullum suna da abin raba juyi a tsakiya, amma shi ma in tayoyi ba daidai suke ba aiki yake yi ba hutu har ya gaji. Ga kuma birki: gaba ya kama, baya ya zame. Huɗu iri ɗaya, safaya ma irinsu.

Sabon Shiga: Na gode Baba. To na gwanjo fa? Ana samun MT masu sauran haƙori sosai.

Ɗan Faci: Araha ba ta ado. Haƙorin MT yana da zurfi, sabuwa tana kai milimita 14 ko fiye, don haka ko ta tsufa sai ka ga kamar da sauranta. Roba kuwa tana bushewa da shekaru ko ba a hau ta ba. Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar in taya ta shekara biyar ana amfani da ita a riƙa kai ta dubawa duk shekara, in ta kai goma daga ranar da aka yi ta a sauke ta ko da haƙoranta. Ko sabuwa za ka saya ka duba lambar nan, don wata ta daɗe a ajiye. Ka kuma leƙa cikinta da fitila, nan ake ɓoye tsohon faci.

Sannan ga duk wanda ya sa mai manyan haƙora: ka riƙa shafa tafin hannunka a kan tayar gaba, ka yi gaba ka dawo baya. In ka ji santsi ta ɗaya ɓangaren, ta ɗayan kuma bakin haƙora na kama maka hannu, ta fara cin gefe ɗaya. Kukan da Hajiya ta ce yana ƙaruwa, daga nan yake fitowa. Maganinsa juya tayoyi, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, a sa safaya cikin zagayen, a duba alaimen da balansin. In ta riga ta ci, juyi ba ya dawo da ita daidai.

Hajiya Mai Gona: Da na san wannan tun farko da wataƙila kunnena ya huta. Amma ko yanzu ba na komawa.

Habu Mai Hilux: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa 285. Zan tsaya kan LT265/70R17, mai C ko D, guda biyar, kuma zan nemi ta tsakanin nan mai buɗaɗɗiyar kafaɗa, in ban samu ba in ɗauki AT mai ƙarfin gefe. Famfo da geji ma zan saya. Alhaji, ka yi haƙuri ban bi ta taka ba.

Alhaji Mai Kuruza: Ba komai yaro, motarka ce. Amma ka haɗa da igiyar ja mai kyau da shebur. In taka tana da makullin aksul na baya, wanda ke sa tayoyin baya biyu su juya tare, ka koyi sa shi kafin ka shiga lakar, ba bayan ka nutse ba. In ruwa ya sauka sosai ka dawo zauren nan ka ba mu labari, ina nan ina jira.

Habu Mai Hilux: In sha Allahu. Tambaya ta ƙarshe ga Ɗan Faci: safayar tana ƙarƙashin bodi ne a Hilux, sabon girman zai shiga wurin?

Ɗan Faci: Galibi 265/70 tana shiga, amma kada ka dogara da maganata. Kafin ka biya kuɗi ka sa a ɗaura ɗaya a rim, a ɗaga ta da sarƙar har sama, ka leƙa ka ga ba ta taɓa salansa ko ƙarfen jan tirela ba. A sa wata a gaba kuma, ka karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ka yi baya a hankali kana saurare.